Gola, ka zauna a lig ɗin gida ko ka ɗau jaka ka bi duniya?

Duk lokacin da kaka ta ƙare aka buɗe kasuwar 'yan wasa, tambayar da ke yawo tsakanin yaranmu masu tsaron raga a nan Jos kenan, daga filayen Gangare da Anguwar Rogo har Bukuru kowa waya a kunne, wannan ya ce wani ejen ya yi masa maganar Tanzaniya, wancan ya ce Habasha ce, wani kuma an ce ya kawo kuɗin biza a kai shi gwaji Turai. A gefe guda ga wani kulob na NPFL, babban lig ɗin Najeriya, ko na NNL da ke ƙasa da shi, ya ce zo ka kama mana. Toh wanne za ka ɗauka? Ni dai bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Golan da bai tsare raga kaka biyu ko uku cikakku a gida ba, ba shi da abin da zai je nema a waje, wanda kuma ya riga ya yi hakan, in takarda ta gaskiya ta zo masa kada ya tsaya jan ƙafa. Amma maganar tana da rassa da yawa, kuma rayuwar mutum ce ake magana a kai, shi ya sa zan bi ta a hankali.

Abu na farko da ya kamata ƙannena su gane, lissafin gola daban yake da na sauran 'yan wasa. Ɗan gaba ko ɗan tsakiya in bai fara wasa ba za a iya sako shi minti ashirin na ƙarshe, ya ci ƙwallo ɗaya sunansa ya fito. Ɗan baya na dama za a iya mayar da shi hagu. Gola fa gurbi ɗaya ne tak, kuma koci ba ya canja gola a tsakiyar wasa sai in an ji ciwo ko an ba da jan kati. Kulob zai ɗauki gola uku, ɗaya na kamawa biyu na kallo, wani lokacin har kaka ta ƙare na ukun ko rigar wasa bai saka ba. Saboda haka duk inda aka kira ka, kafin ka tambayi nawa ne albashi, ka tambayi wa ke kamawa yanzu, shekararsa nawa, kwantiraginsa saura nawa, kuma kocin da kansa ne ya ce a kawo ka ko shugaban kulob ne. Wannan tambayar ta ƙarshe wallahi ta fi kowacce nauyi, domin in ba koci ne ya neme ka ba, a benci za ka tsufa.

Mu fara da gida. NPFL ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38 a kaka, wato gurbin gola na ɗaya guda 20 ne kacal a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. In ka samu ɗaya daga ciki ka riƙe shi, abin da za ka koya a kaka ɗaya ya fi na shekara uku na tirenin zalla. Wasan waje a lig ɗinmu makaranta ce mai zafi, ka je Aba ko Kano ko Enugu 'yan kallo na bayan ragarka suna maka ihu a kunne, ana jefo kuros ɗaya bayan ɗaya, filin wani wurin ƙwallo na dira ta canja hanya, ga alkalin wasa da ba lallai ya kare ka ba in an banke ka a sama. Golan da ya sha wannan ya fito da hankalinsa, zuciyarsa ta riga ta yi ƙwari. Sannan kana magana da 'yan bayanka da yaren da suke ji, ka ce masu fita, ka ce bar min, ka tsara katanga in za a buga firikik, babu mai tsayawa yana kallonka. Mutane na raina wannan amma rabin aikin gola da baki ake yinsa.

Ga kuma maganar ido. Daga lig ɗin gida ake ɗaukar 'yan Super Eagles na gida, kuma a nan garin mun ga misali da idonmu. Dele Ajiboye shi ya kama wa Golden Eaglets a wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2007 a Koriya ta Kudu, aka doke Sifaniya a bugun fenariti, kuma golan da ke ɗaya ragar a ranar David de Gea ne. Bayan nan Ajiboye ya tafi Pontevedra a Sifaniya, bai samu gindin zama ba ya dawo gida ya shiga zagayen kulob-kulob, Shooting Stars, Nasarawa United, Warri Wolves, har ya sauka a Plateau United, aka ci lig da shi a 2017 ƙarƙashin Kennedy Boboye. Daga nan aka sake kiransa tawagar ƙasa, ya je CHAN, gasar ƙasashen Afirka ta 'yan wasan da ke buga lig ɗin gida, ta 2018 a Maroko, da Ikechukwu Ezenwa ya ji ciwo a wasan kusa da na ƙarshe da Sudan shi aka sako. Ka duba da kyau, fitar da ya yi da wuri ba ita ta dawo da sunansa ba, kama wasa kowane mako a Jos ne ya dawo da shi. Theophilus Afelokhai kuma shekaru ya yi a Kano Pillars lokacin da suke cin lig a jere, 2012, 2013, 2014, ya wuce Enyimba, ya wuce Rivers United, duk a gida ya gina sunansa kuma babu mai bin ƙwallon ƙasar nan da bai san shi ba.

Amma fa kada in rufe maka abin da ke cikin zaman gida, yana da ɗaci. Yawancin kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, in gwamnati ta canja ko an samu tsaiko a baitulmali albashi sai ya tsaya, bonas na wasa a yi ta cewa mako mai zuwa, kuɗin sa hannu kuwa wasu har su bar kulob ba su ga ƙarshensa ba. Na masu zaman kansu ma ba tabbas, nan garin Giwa FC tana cikin NPFL aka kore ta a tsakiyar kakar 2016, 'yan wasa suka wayi gari suna neman inda za su sa kansu. Yarjejeniyar ma yawanci ta kaka ɗaya ce, sabon koci ya zo da golansa a aljihu, kai sai ka tattara. Shi ya sa ko wanda bai taɓa hawa jirgi ba a cikin gololinmu ɗan yawo ne, bana Lafiya, baɗi Makurɗi, wata shekara Katsina ko Bauci. Ga hanya, daga Jos zuwa Fatakwal ko Uyo a bas, ka isa ƙugu ya ƙage gobe a ce ka yi tsalle. Kuma hanyar ba lafiya gareta ba, a 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta suna kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa suka ji raunuka. Safar hannu mai kyau ma sau da yawa daga aljihunka za ka saya, a filayenmu masu tauri kuma ba ta daɗewa take cinyewa, in yatsa ya goce ko kafaɗa ta fita ba kowane kulob ne zai tsaya maka har ka warke ba.

Toh sai waje. Abin da ke jan kowa a bayyane yake, dala. Tun da naira ta faɗi a 2023, albashin da ɗan wasa a wata ƙasar zai raina in ka juya shi zuwa naira sai ka ga ya ninka abin da ake ba ka a nan, ka iya gina ɗaki biyu a gidanku, ka yi aure, ka riƙe ƙanne a makaranta. Ba zan taɓa ce wa yaro wannan kwaɗayi ba ne, buƙata ce ta gaske. Kuma a wurare irin su Afirka ta Kudu filaye na da kyau, akwai kocin gololi na musamman, akwai likita, ana haska wasanni a talabijin yadda duk wanda ke son ganin aikinka zai samu bidiyo mai kyau, ba wanda abokinka ya ɗauka da waya daga bayan shinge ba.

Sai dai in an ce waje, waje kala-kala ce, kuma a nan yara ke ruɗewa. Manyan lig-lig na Turai ka ajiye su gefe tukuna, Ingila ma tsarin izinin aiki nata na maki ne da ɗan NPFL zai yi wuya ya cika, kuma kulob na can sun fi son su reni golansu tun yana yaro. Masar da take da kuɗi ta hana kulob ɗinta ɗaukar gola baƙo, China ma haka. Kusan kowace ƙasa tana da iyakar baƙin da kulob zai yi wa rajista, kuma shugaban kulob in yana da gurbi biyar na baƙi ya fi son ya kashe su a kan masu cin ƙwallo. Kenan in har sun kashe gurbi ɗaya a kan gola, so suke daga ranar farko ka fi duk na gidansu, ba su kawo ka don ka koya ba. Kuskure biyu a jere, jaridu da magoya baya za su fara tambayar me ya sa aka tsallake ɗan ƙasa aka ɗauko wannan. Golan gida in ya yi kuskure ana cewa yaronmu ne zai gyara, baƙo ba a yi masa wannan uzurin. Ka haɗa da yare, 'yan bayanka Amharik suke ji ko Suwahili ko Faransanci ko Fotugis, kai kuma cikin daƙiƙa ɗaya kake buƙatar su gane me kake nufi in ƙwallo na sama.

Hanyoyin da suka fi yi wa gololinmu aiki sanannu ne. Isra'ila ta daɗe tana karɓarsu, Vincent Enyeama ya je Bnei Yehuda a 2005, ya koma Hapoel Tel Aviv, sannan Lille ta Faransa a 2011, Dele Aiyenugba ya bi bayansa ya yi shekaru a Bnei Yehuda, Austin Ejide ma ya kama a can bayan Tunisiya da Faransa. Afirka ta Kudu ta ɗauki Daniel Akpeyi a Chippa United a 2015 ya wuce Kaizer Chiefs, ta kuma ɗauki Stanley Nwabali a 2022. Yanzu Tanzaniya da Habasha na buɗewa. Amma ka kalli abin da waɗannan mutanen suka riƙe a hannu ranar da suka fita. Enyeama kafin ya bar gida ya riga ya kama wa Najeriya da Ingila a kofin duniya na 2002 aka tashi babu ci, ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba sau biyu, 2003 da 2004. Akpeyi ya sha yawo a Nasarawa United da Heartland da Warri Wolves. Nwabali ya bi ta Go Round, Enyimba, Lobi Stars, Katsina United, duk kafin Chippa, yana da shekara 27 aka ga ya tare fenariti biyu na Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Kwaddebuwa a farkon 2024. Babu ɗaya a cikinsu da ya fita hannu rabbana, da aikin da aka gani suka fita, shi ya sa da suka isa raga aka miƙa masu ba benci ba.

Wani zai ce ai Francis Uzoho bai buga NPFL ba kuma ya kama kofin duniya na 2018 yana ɗan shekara 19. Gaskiya ne, amma ta makarantar ƙwallo ta Aspire ya bi zuwa Deportivo La Coruña, hanya ce da aka tsara masa ba ejen na WhatsApp ba, kuma ko shi ɗin ka ga irin yawon da ya sha bayan nan, aro zuwa Elche, sai Cyprus daga wannan kulob zuwa wancan, wani lokacin yana kamawa wani lokacin yana zaune. Daren da ya yi ta tare ƙwallayen Manchester United a Old Trafford da rigar Omonia a 2022 kowa ya gani, watannin bencin da ke kewaye da wannan daren ba kowa ya lissafa ba.

Yanzu in zo kan abin da ya fi ci mini rai, gwaji. Akwai bambanci kamar sama da ƙasa tsakanin wanda kulob ya aiko masa da kwantiragi da wanda aka ce ya zo a gwada shi, balle wanda aka ce shi zai biya. Na san gidan da aka sayar da fili a nan garin aka haɗa wa yaro kuɗi, aka kai shi Abuja aka yi biza ta yawon buɗe ido, ya sauka a ƙasar mutane wanda ya kai shi ya kashe waya, yaron nan ya ƙare yana kwana a ɗakin wasu 'yan Najeriya yana buga ƙwallon unguwa har bizar ta mutu, ya dawo ya tarar gurbin da ya bari a kulob ɗinsa wani ya zauna, kunya ta hana shi fitowa fili wata da watanni. Yaro ne mai hannu wallahi, har yau in na tuna abin na damuna. Kulob na gaskiya in yana sonka shi zai aiko takardar gayyata da sunansa da hatiminsa, shi zai sayi tikitin zuwa da dawowa, shi zai ba ka masauki. Kuma gwajin gola ma zalunci ne a kansa, a ba ka rabin wasa biyu, ƙila ƙwallo ɗaya ce za ta zo maka, in ka tare a ce ba a gwada ka ba, in ta shiga a ce ba ka iya ba.

Ta fuskar doka kuwa abin mamaki wanda ya fita da takarda mai kyau ya fi na gida samun kariya. Dokar FIFA ta ce in kulob ya riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta masa takardar gargaɗi ka ba shi aƙalla kwana 15, in bai biya ba kana da hurumin soke kwantiragin ka nemi haƙƙinka. In kai baƙo ne a ƙasar, ƙararka kai tsaye kotun ƙwallo ta FIFA za ta je, kuma in kulob ya ƙi biya ana iya hana shi rajistar sababbin 'yan wasa, wannan kuwa suna tsoronsa. A gida ƙararka a cikin gida za ta tsaya, kuma kowa ya san yadda ake jan ƙafa. Amma duk wannan sai in kana da kwafin kwantiragin da ka sa wa hannu a wurinka, kulob ɗin ma ya sa hannu, an rubuta albashi da irin kuɗin da za a biya ka, dala ce ko kuɗin ƙasar, an rubuta gida da tikiti da wanda zai biya asibiti. Kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da yaren da ba ka ji sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Kada ka ba kowa fasfo ɗinka ya ajiye maka. Ejen kuma ka nemi sunansa a jerin masu lasisin FIFA, a intanet yake. Sannan ka sani a kaka ɗaya kulob uku kawai za su iya yi maka rajista, biyu kawai za ka iya buga wa wasa, kenan in ka yi tsalle biyu ba daidai ba shekarar ta tafi. Wanda bai kai 18 ba kuma dokar ma ta hana a kai shi wata ƙasa sai da wasu 'yan dalilai ƙalilan, duk wanda ya zo wa iyaye da maganar zai fitar da yaro ɗan 16 a tambaye shi ta wace hanya.

Akwai zaɓi na uku da ke ɓuya a tsakanin biyun nan, a kira ka babban kulob ka zama na biyu ko na uku. Riga mai suna, albashi ya ɗan fi, ana shiga jirgi zuwa wasannin CAF, hukumar ƙwallon Afirka, hoto ya yi kyau. In shekarunka sun haura 32 kuma jiki ya fara magana, karɓi abinka da hannu biyu, Scott Carson shekaru ya yi a Manchester City a matsayin na uku, wasa biyu kawai ya buga, kuma babu wanda zai ce ya yi asara domin ya riga ya gama gina sunansa. Amma ɗan shekara 21 ya zauna a benci, wannan kashe kai ne a hankali. Ana yawan kawo misalin Emiliano Martínez, wai ya yi haƙuri shekara 10 a Arsenal har Bernd Leno ya ji ciwo a 2020 ya samu dama, ya ci kofin FA, ya koma Aston Villa, ya ci kofin duniya a 2022. Abin da ba a faɗa shi ne a cikin shekarun nan aro ya yi ta tafiya, Oxford, Sheffield Wednesday, Rotherham, Wolves, Getafe, Reading, yana neman inda zai kama, kuma duk wata albashinsa na shiga. Kai a nan wa zai biya ka shekara 10 kana jira? Gara ka sauka NNL ka kama wa ƙaramin kulob wasa bayan wasa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da ya sa nake ta cewa kada a yi gaggawa, gola na da lokacin da ɗan gaba ba shi da shi. Ɗan gaba in ya kai 27 bai fita ba kasuwarsa ta fara sanyi, gola kuwa a lokacin yake nuna. Edouard Mendy yana da shekara 22 ba shi da kulob kwata-kwata, shekara guda yana zaune a Faransa ba aiki, sai Marseille ta ɗauke shi a ƙaramar tawagarta, ya wuce Reims, ya wuce Rennes, yana 28 ya je Chelsea ya ci kofin zakarun Turai a 2021. Denis Onyango na Uganda ta Habasha ya bi, Saint George, ya gangara Afirka ta Kudu ya yi ta canja kulob kafin ya ci kofin zakarun Afirka da Mamelodi Sundowns a 2016. Essam El-Hadary ya kama wa Masar a kofin duniya na 2018 yana da shekara 45 har ya tare fenariti. Kenan shekara uku da za ka yi kana kamawa a gida ba su rage maka komai ba. Sai dai a yi gaskiya a maganar shekaru, ka yi lissafin da shekarunka na ainihi waɗanda gwiwarka ta sani, ba na fasfo ba.

Kuma yawon kansa yana da iyaka. Marigayi Peter Rufai ya bi ta Benin, Beljiyam, Holan, Fotugal, Sifaniya, amma in ka bi sawunsa za ka ga yawanci gaba yake yi. Akwai kuma irin yawon Lutz Pfannenstiel, Bajamushen da ya kama ƙwallo a duk nahiyoyin FIFA shida, kulob sama da 20, har gidan yari ya shiga a Singafo kan zargin sayar da wasa. Labarinsa na da daɗin ji amma ba zan so wa ƙanena irinsa ba. In ka ga kowane wata shida kana sabuwar ƙasa, albashin bai ƙaru ba, lig ɗin bai fi na baya ba, ana binka bashi a gida kai ma kana bin kulob uku bashi, toh ka tsaya ka sake lissafi. Masu ɗaukar 'yan wasa ma in suka ga takardarka kulob takwas a shekara huɗu, tambayar farko da za su yi ita ce me ya sa ba wanda ya riƙe shi.

Sai iyali, wanda yara ba sa sakawa a lissafi sai sun isa can. Mai mata da 'ya'ya in ya tafi ƙasar da albashin bai isa ya ɗauke su ba, gida biyu zai riƙe. Azumi zai same ka a garin da kai kaɗai ke yi a kulob, tirenin sau biyu a rana, abincin da za ka ci ma sai ka bincika. A Tanzaniya ko Sudan ko arewacin Afirka wannan da sauƙi, a wasu wuraren sai ka daure. In rasuwa ta faru a gida ba lallai ka samu jana'iza ba. Wanda mahaifansa suka tsufa kuma shi ne babba, wannan kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi Lafiya ko Bauci da zai iya zuwa gida cikin 'yan awanni, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abu ɗaya da ɗan Jos ya ɗan fi wasu, mun saba da sanyi da tudu, garin nan ya haura mita 1,200, saboda haka Addis Ababa da ta haura mita 2,300 ko sanyin Johannesburg ba za su gigita ka kamar wanda ya taso a bakin teku ba, duk da cewa a irin tudun nan ƙwallo ta fi gudu a iska, sai ka ba idonka 'yan makonni ya saba.

In kana ƙasa da 23 kuma ba ka taɓa kama kaka guda cikakkiya ba, zauna, nemi inda za a ba ka raga ko NNL ce ko NLO da ke ƙasa da ita, ka sa a riƙa ɗaukar maka cikakken wasa ba guntayen tsalle kawai ba, domin masu saye yanzu suna son ganin yadda kake fitowa kuros da yadda kake wasa da ƙafa, tun da aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa a 1992 aikin ke ta komawa ƙafa, yanzu ma ga dokar da in ka riƙe ƙwallo a hannu ka wuce daƙiƙa 8 a ba abokan karawarku bugun kwana. In kana tsakanin 24 da 29, ka kama kaka biyu ko uku a NPFL, kwantiragi ya zo a rubuce daga lig da ake biya kuma ake haskawa, kocin ya kira ka da bakinsa, tafi, kuma ka nemi shekara biyu ba wata shida ba, ka kuma rabu da kulob ɗinka na gida lafiya su sake maka takardar canjin sheƙa ba rigima, domin ƙila wata rana nan za ka dawo, Aiyenugba ma bayan shekarun Isra'ila Kwara United ya dawo ya ci gaba da kamawa. In ka haura 30 kuma, duk inda kuɗin ya fi tabbas nan za ka, gida ko waje, kuma tun kana kamawa ka fara neman takardar koyarwa, NIS, cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa da ke Legas, na yi, akwai kuma lasisin CAF, domin kocin gololi da ya san aikin har yanzu ƙaranci yake a kulob ɗinmu, academy da yawa a nan Jos da Abuja ma ba su da ko ɗaya, yaran sai dai a tura su gefe su yi ta buga wa junansu.